Faɗa-wuta mai zanen damisa: wa yake yi wa ado a cikin duhu?

Ummu_Hanan:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga masu ilimin ƙwari a wannan zaure. A arewacin Ingila muke zaune, kuma yau da asuba na buɗe ƙofar baya na tarar da wani faɗa-wuta a jikin bango, daidai ƙarƙashin fitilar da muke barinta a kunne. Babba ne. Fukafukansa na sama ruwan ƙasa ne mai duhu, da wasu layuka farare da suka ratsa su kamar fatar raƙumin dawa. Na sa ɗan tsinke na taɓa shi don in ga ko yana da rai, sai kawai ya ware fukafukan, ashe a ƙasa akwai wasu biyu ruwan lemo jawur da ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu sheƙin shuɗi. Har gabana ya faɗi. Sannan wani ɗan ruwa rawaya ya tsattsafo a bayan kansa. Tun safe abin yake cina: halittar da dare ne lokacin yawonta, me za ta yi da irin wannan kwalliya? Wa zai gani a cikin duhu?

Sadik_99:
Wa alaikumus salam. Anti, kin tabbata ba malam-buɗe-littafi ba ne? Faɗa-wuta da muka sani ai toka-toka ne, ba shi da wani kyau.

Malam_Ƙwaro:
Wa alaikumus salam. Malama, kin yi sa'a, don abin da kika gani ba kowa ke ganinsa a ƙasar nan yanzu ba. Bisa yadda kika siffanta shi, Arctia caja ne, wanda Turawan Ingila ke kira damisar lambu. Linnaeus, masanin nan na Suwidin, shi ya ba shi sunan kimiyya a 1758. Yana zaune a Turai da arewacin Asiya da Kanada da arewacin Amurka, wato wuraren sanyi. Idan ya buɗe fukafukai yakan kai milimita 45 zuwa 65. Watan Yuli da Agusta ne lokacin fitowarsa a Birtaniya, don haka kin gan shi a kan kari. Danginsa, Arctiinae, suna da yawa, kusan iri 11,000 a duniya.

Sadik, ga hanyar banbancewa mai sauƙi: dubi 'yan ƙahonin nan biyu na kai. Na malam-buɗe-littafi suna da ɗan dunƙule a ƙarshe kamar kan ashana. Na faɗa-wuta kuwa zare ne siriri ko kuma kamar gashin tsuntsu. Kuma idan ya sauka, wannan yana kwantar da fukafukai a bayansa kamar rufin ɗaki, ba ya tsayar da su sama. Launi ba ya raba gardama a nan, akwai faɗa-wuta da yawa da suka fi malam-buɗe-littafi kyau.

Alhaji_Tanko:
Ni a ganina amsar a fili take. Ado na neman aure ne. Haka yake a wurin ɗawisu, haka yake a wurin zakara. Namiji ya yi kwalliya, mace ta zaɓa.

Rabi_Bayoloji:
Baba Alhaji, a yi min afuwa, amma a nan misalin bai hau ba. A wurin ɗawisu namijin ne kaɗai ke da ado. A wurin wannan ƙwaron, mace da namiji duk zanensu iri ɗaya ne, macen ma ta fi girma. Kuma ba da ido suke neman juna ba. Macen ce ke zama wuri ɗaya ta saki wani ƙamshi a iska, namijin ya shinshino shi da ƙahonin nan nasa ya biyo har ya iso ta. Duk wannan cikin dare ake yi. Da za a shafe masa launin tas, da zai samu matarsa yadda ya saba.

Alhaji_Tanko:
To 'yata, na ji. Amma sai ki faɗa mana amfaninsa, tun da Allah bai halicci komai a banza ba.

Rabi_Bayoloji:
Madalla, Baba. A nawa fahimtar, tambayar Ummu_Hanan ta tsallake rabin rayuwar ƙwaron. Mun ce na dare ne, to da rana ina yake? Yana nan kwance a cikin ciyawa ko jikin bango, awa goma sha shida ko fiye a ranakun Yuli na can arewa, kuma a daidai lokacin ne tsuntsaye ke kiwo. Launin ba don dare aka yi shi ba. Don rana ne, lokacin da yake barci ba ya iya tashi da sauri.

Kuma kariyar hawa-hawa ce. Fukafukan sama masu rodi-rodi suna karya siffarsa, a cikin inuwar ganye ido ba ya saurin gane inda jikinsa ya fara da inda ya ƙare. Idan wannan bai yi ba, tsuntsu ya zo ya taɓa shi, sai ya buɗe jan nan farat ɗaya, kamar yadda ya yi wa Ummu. Tsuntsu ya razana. Idan ya dage, sai ruwan nan na bayan kai ya fito, mai ɗaci da wari. Jikinsa kuma da guba. Wata yana samunta daga ganyen da ya ci yana tsutsa, wata kuma jikinsa ne ke haɗa ta. Miriam Rothschild, masaniyar Birtaniya, ta daɗe tana bincike a kan gubar wannan ƙwaro da ire-irensa. Saboda haka jan launin nan sanarwa ce: ni ba abinci ba ne.

Dan_Jarida:
Wannan magana tana da tarihi mai daɗi. A 1867 Darwin ya rasa yadda zai bayyana dalilin da ya sa wasu tsutsotsi ke da launi mai ɗaukar ido, alhali tsutsa ba ta aure, ba za a ce don jan hankalin mace ba ne. Wato tunanin Alhaji shi ma ya fara yi, sai ya ga bai kai shi ba. Ya rubuta wa Alfred Russel Wallace, shi kuma ya ba shi amsa cewa alama ce ta gargaɗi ga tsuntsaye. Daga baya wani mai suna John Jenner Weir ya gwada da tsuntsayen da yake kiwo, ya ga suna ƙin masu launin suna cinye koraye da masu ruwan ƙasa.

Mai_Shakka:
Ni akwai inda abin bai zauna min ba. Tsuntsu ba a haife shi da karatun launi ba. Sai ya ɗanɗana kafin ya san da ɗaci. To wanda aka ɗanɗana ai ya mutu. Ina ribarsa?

Malam_Ƙwaro:
Tambaya ce mai kyau, ɗan'uwa, masana ma sun daɗe a kanta. Abu biyu. Na farko, ba lallai ya mutu ba. Irin waɗannan ƙwari jikinsu da tauri, kuma ruwan yana fitowa ne daidai wurin da tsuntsu ya saba kamawa, wato wuya. Sau da yawa tsuntsu yana kamawa sai ya tofar, ya koma yana goge baki a reshe, ƙwaron kuma ya tsira da ɗan rauni. Na biyu, wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Tsuntsun da ya sha ɗacin sau ɗaya ko biyu ya gama da duk mai irin wannan launi, kuma 'yan uwan ƙwaron da suka fito daga ƙwan uwa ɗaya suna nan kusa, su ne za su ci moriyar.

Akwai ɗan uwansa, Arctia plantaginis, da masu bincike a jami'ar Jyväskylä ta Finlan suka nazarta. A 2017 suka nuna cewa ruwa iri biyu yake fitarwa. Na wuya yana korar tsuntsaye, na ƙarshen ciki yana korar tururuwa. Kowane maƙiyi da nasa maganin.

Ummu_Hanan:
Allah ya ƙara sani. Yanzu na gane na rana. Amma idan ya tashi da dare fa? Ke nan a lokacin ba shi da kariya?

Injiniya_Bash:
Yaya, a bar min wannan, don shi ne ya sa na fara sha'awar ƙwarin nan. Da dare maƙiyinsa jemage ne, kuma jemage mai cin ƙwari da kunne yake farauta. Yana fitar da ƙara mai tsinin da kunnenmu ba ya ji, ƙarar ta daki abu ta dawo, da amsa-kuwwar nan yake gane inda abin yake da nisansa. Ja ko fari duk ɗaya ne a wurinsa.

To waɗannan faɗa-wuta suna da kunnuwa a gefen ƙirji da ke jin kukan jemage. Bayan haka suna da wata 'yar fata mai tauri a gefen ƙirjin, tsoka na lotsa ta tana sakinta, sai ta ba da ƙara ƙas-ƙas-ƙas, kamar yadda ake danna murfin gwangwani. Da sun ji jemage ya matso sai su fara. Tun 1965 Dorothy Dunning da Kenneth Roeder suka nuna cewa jemagu na kauce wa abinci idan aka kunna musu wannan ƙara. Wato saƙon da jan launi ke isar wa tsuntsu da rana, shi ƙarar ke isar wa jemage da dare. Harshe biyu, magana ɗaya.

Wani ma ya wuce nan. Bertholdia trigona, na kudu maso yammacin Amurka, yana iya yin ƙarar har sau 4,500 a daƙiƙa ɗaya. A 2009 Aaron Corcoran da Jesse Barber da William Conner suka tabbatar cewa ba gargaɗi kawai yake yi ba, rikita lissafin jemagen yake yi, ya kawo hari ya kuskure. Irin abin da sojoji ke yi wa radar abokan gaba ke nan, kuma ƙwaro ya riga mu.

Sadik_99:
Subhanallah. Sau 4,500 a daƙiƙa!

Kyaftin_Sama:
Tun da an zo kan injiniyanci, ni sunan nan a jirgin sama na fara saninsa. De Havilland Tiger Moth (Tiger Moth na nufin faɗa-wuta mai zanen damisa), ƙaramin jirgi mai fiffike hawa biyu, ya fara tashi a 1931, kuma da shi aka koya wa dubban matuƙa tuƙi a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Geoffrey de Havilland mai kamfanin yana da sha'awar tara irin waɗannan ƙwari, shi ya sa ya riƙa sa wa jiragensa sunayensu.

Hajiya_Mairo:
Kyaftin, a dawo da mu ƙasa. Ni tsutsar nake son a yi bayani. Shin ita ce gizaka? Don tun ina yarinya wata ta bi min wuya, na kwana ina susa, har yau ko hotonta na gani sai tsigar jikina ta tashi.

Rabi_Bayoloji:
Hajiya, gizaka ce, amma ki sani gizaka suna ne da ya haɗa tsutsotsi masu gashi na ƙwari daban-daban, ba duka ne dangin wannan ba, kuma wasu sun fi wasu ƙaiƙayi nesa. Ta Arctia caja gashinta baƙi ne a baya da dogayen silli masu farin kai, gefe da wuya kuma ja-ja. Turawa na ce mata beyar mai ulu (beyar wata ƙatuwar dabbar daji ce mai gashi), sunan dangin ma daga kalmar Girkanci ta beyar aka samo shi. Gashin na iya sa ƙaiƙayi, don haka kada yara su ɗauka da hannu, kuma a kiyaye ido.

Rayuwarta ta fi ta uban tsawo sosai. Macen na zuba ƙwai a jere a bayan ganye cikin Yuli ko Agusta. Su ƙyanƙyashe, su ci ganye kaɗan, sai sanyi ya shigo suna ƙanana. Sai su shige ƙarƙashin busassun ganyaye su kwanta har hunturu ya wuce. Wajen Maris ko Afrilu su farka su kama ci ba ji ba gani. Ba su da zaɓen abinci, kusan duk ƙananan tsirran da mai lambu ke kira ciyawar banza suna ci. Zuwa Mayu ko Yuni ta kai kamar santimita 6, a lokacin ne ake ganinta tana tsallaka hanya da sauri tana neman wurin ɓuya. Sai ta saƙa gida da zaren bakinta, ta cakuɗa shi da gashin jikinta, ta shige. Bayan 'yan makonni faɗa-wuta ya fito. Shi kuma bakinsa a ƙanƙance yake, ba ya cin abinci, da kitsen da tsutsar ta tara yake rayuwa har ya yi aure ya mutu. Wanda Ummu ta gani yana cikin kwanakinsa na ƙarshe ne, bayan kusan wata goma sha ɗaya yana wata siffa.

Dan_Kanada:
A nan wajenmu mutane na cewa da gizakar ake gane yadda hunturu zai kasance. In jan tsakiyarta ya yi faɗi, sanyi zai yi sauƙi. Kuma na ji an ce tana daskarewa ta zama ƙanƙara har shekara bakwai.

Malam_Ƙwaro:
Ɗan'uwa, ka haɗa ƙwari uku a tukunya ɗaya. Mai baƙi a kai da gindi da ja a tsakiya, wadda ake camfin hunturu da ita, Pyrrharctia isabella ce, dangi ɗaya da tamu amma iri daban. Ita lallai tana daskarewa a hunturu ta narke ta ci gaba da tafiya, saboda jikinta na haɗa sinadarin gilisarol da ke hana ƙanƙara yayyaga ƙwayoyin halittarta. Amma hunturu ɗaya take yi. Faɗin jan kuma yana ƙaruwa ne yayin da take girma tana saɓa, labarin abin da ya wuce yake bayarwa, ba na gaba ba. Mai shekara bakwai kuwa Gynaephora groenlandica ce ta Girinlan da tsibiran arewacin Kanada, kuma ita ba ta cikin dangin damisa, sunan Turancin ne ya yi kama.

Zainab_Lambu:
Maganar guba ta tuna min wani abu da ya taɓa zuciyata. Akwai Utetheisa ornatrix na nahiyar Amurka, wanda Thomas Eisner na jami'ar Cornell ya yi shekaru yana nazari. Tsutsarsa na tara guba daga tsiron da take ci. Idan namijin ya sadu da mace, yana ba ta wani kaso na gubar tare da maniyyinsa, ita kuma ta zuba a cikin ƙwai don kada a cinye su. Kafin ta yarda da shi ma sai ta shinshina ƙamshinsa, wanda daga gubar ake haɗa shi, ta haka take gane mai yawa. Kuma idan ya faɗa saƙar gizo-gizo, gizon na ɗanɗanawa sai ya yanke zaren ya sake shi. Baba Alhaji, ka ga ashe maganarka ta aure ba ta faɗi ƙasa ba, sai dai a hanci take ba a ido ba.

Alhaji_Tanko:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wannan ya gamsar da ni.

Mai_Shakka:
Malam_Ƙwaro, tun farko ka ce ba kowa ke ganinsa yanzu ba. Ƙwaron da ke da guba da gashi da launi da ƙara, me kuma ya same shi?

Malam_Ƙwaro:
Wannan shi ne abin da ke damuna a labarin. Cibiyar binciken gona ta Rothamsted tana da tarkunan fitila a faɗin Birtaniya tun 1968, kowane dare ana ƙirga abin da ya shiga. Daga 1968 zuwa 2002 yawan wannan ƙwaro ya ragu da kashi 89 cikin 100. Da aka sake lissafi zuwa 2007, sai ya zama 92. Ƙwaron da dattawan ƙasar suka taso suna wasa da tsutsarsa a kowane lambu. Kelvin Conrad da abokan aikinsa sun duba alƙaluman a 2002, suka ga yawansa na faɗuwa ne bayan shekarun da hunturu ya zo da ɗumi da ruwa. Tsutsar an gina ta ne don sanyi mai tsanani kuma busasshe. Idan aka samu laima da ɗumi a lokacin da ya kamata tana barci, ba ta kaiwa. Shi ya sa kudancin Ingila ya fi rasa shi, arewa da Sikotilan kuma da sauransa. Duk makaman nan da muka lissafa na maƙiyi mai baki ne. Ba wanda ke maganin Janairu mai ɗumi.

Zainab_Lambu:
Ban musa ba, Malam, amma kada a ɗora wa yanayi komai mu wanke hannunmu. Ni mai aikin lambu ce. Mutane na aske ciyawa ƙwal, su fesa magani, su share kowane busasshen ganye kafin sanyi. To tsutsar da a cikin ganyen nan take kwana, ina za ta? Mun kwashe abincinta mun kwashe shimfiɗarta.

Injiniya_Bash:
Ga kuma fitilu. Wani bincike da aka buga a 2024, na Samuel Fabian da abokansa, ya nuna cewa ƙwari ba son wuta suke yi ba. Suna juya bayansu ne ga inda haske ya fi yawa don su san ina ne sama, sai fitila ta ruɗe su su yi ta zagaye. Namijin da ya kwana yana zagayen ƙwan fitila bai je neman mace ba.

Mai_Shakka:
To amma in aske ciyawa da fitila ne, me ya sa wasu danginsa ke ƙaruwa a wuraren? Euplagia quadripunctaria a da a kudu maso yammacin Ingila kawai ake ganinsa, yanzu ya cika Landan, birnin da ya fi ko'ina fitila. Wannan ya fi kama da maganar Malam ta ɗumi: mai son ɗumi ya ƙaru, mai son sanyi ya ja baya.

Zainab_Lambu:
Wancan ai da rana ma yana yawo yana shan furanni, rayuwarsu ba ɗaya ba ce. Ɗaya bai kore ɗaya ba. Ƙwaron da ɗumi ya riga ya raunana, in ka ƙara masa rashin wurin kwana ka ƙarasa shi.

Dan_Jarida:
Kuma abin bai tsaya a kansa ba. Tsuntsun nan kuku na Turai, mai sa ƙwai a sheƙar wasu, yana cikin 'yan ƙalilan da ke iya cin gizaka da gashinta. Daga Afirka yake komawa Birtaniya a watan Afrilu, daidai lokacin da tsutsar ke girma. Shi ma ya ragu ƙwarai a Ingila, alhali a Sikotilan yana riƙe da kansa. Masana na ganin ƙarancin manyan tsutsotsi masu gashi na cikin dalilan, tare da wahalhalun hanyar ƙaura.

Ummu_Hanan:
Wallahi ban zaci ɗan ƙwaron bangona zai kai mu nan ba. Na gode muku duka. Na leƙa bayan la'asar yana nan inda yake, ya rufe jan ya koma kamar ɓawon itace. Na ce wa maigida yau a kashe fitilar baya. Akwai wani lungu kusa da shinge da na yi niyyar nomewa a ƙarshen mako, na fasa. Malama Rabi, ta yaya zan san mace ce ko namiji? In mace ce ina so in duba ko ta bar ƙwai.

Rabi_Bayoloji:
Yaya, ki dubi ƙahonin da kyau, ko ki ɗauki hoto ki ƙara girmansa. Na namiji suna da 'yan haƙora a gefe kamar ƙaramin mataji, na mace sun fi santsi, cikinta kuma ya fi kauri. Yawanci maza ne ke zuwa fitila, kuma sai dare ya raba. Ƙwan kuwa ki ɗaga ganyen ƙananan tsirrai ki duba bayansu, za ki gan su a manne a jere. Ki ɗauki hoton fukafukan sama ma, don zanen kowane ɗaya ya sha bamban da na ɗan uwansa, in wani ya sake zuwa za ki gane ko shi ne.

Hajiya_Mairo:
Ni dai har yanzu ba zan taɓa gizaka ba. Amma Ummu, in sun ƙyanƙyashe ki sa mana hoton, ina son ganin yadda suke suna ƙanana.

Sadik_99:
Malam Bash, ni tambayata ta koma kan jemagen. Idan ƙarar tana nufin akwai guba, ba a samu wani ƙwaro marar guba da ke yin ƙarar don ya yaudare shi ba?

Injiniya_Bash:
Akwai, ƙanena. Barber da Conner sun gwada a 2007. Jemagun da suka sha ɗacin masu guba masu ƙara sun koma suna ƙin wani iri mai daɗin ci saboda shi ma yana ƙarar. Sai dai wasu daga cikin jemagun sun gano dabarar bayan 'yan darare, suka ci gaba da cinsa.